Zuwa da kai ya fi saƙo: uba a bakin filin lakros

A gidanmu ba a kiran sunan 'yar fari. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, har ya bar duniya ban taɓa jin sunan yayata a bakinsa ba, ban kuma taɓa ganin ya yabe ta a gaban mutane ba, alhali duk gidan mun san babu wanda yake ji da shi kamarta. Haka muka taso, da kara da alkunya ake nuna ƙauna. To ni ma da Allah Ya azurta ni da 'ya mace a haihuwar fari, a nan jihar Maryland ta Amurka inda neman abinci ya kawo ni, aka mayar mata da sunan mahaifiyata, sai kunyar ta zama biyu. Uwata nake ce mata.

Da wannan tarbiyya na tsinci kaina wata Asabar a bakin wani fili, cikin sanyin watan Maris, a tsakiyar iyaye kowa da kujerarsa ta naɗewa, kowa yana ƙwala wa 'yarsa kira kamar maƙogwaro zai tsage. Ni kuwa na ja da baya can wajen motoci na harɗe hannu. Uwata tana da shekara 11 a lokacin. Ta jefa ƙwallo a raga, karonta na farko ke nan, ta waiwayo tana laluben fuskata cikin jama'a ba ta same ni ba. Da muka shiga mota ta ce, "Baba, tafiya ka yi?" Na ce ina nan, na gani. Ta ce, "To me ya hana ka matsowa?" Na rasa amsar da yarinyar da aka haifa a Baltimore za ta fahimta.

Shekara 5 ke nan da wannan rana, kuma ban daina juya tambayar nan a raina ba. Abin da na tsaya a kai, wanda nake so in faɗa wa 'yan'uwana iyaye, musamman namu da ke zaune a wannan ƙasa, shi ne yarinyar da ta riƙi wasa da gaske tana da haƙƙin a tsaya mata, kuma tsayawar nan da jiki ake yinta, da ido da kunne. Wasunmu suna tauye wannan haƙƙi ta hanyar hanawa. Waɗanda suka fi yawa a filayen da nake zuwa kuwa ba hanawa suke yi ba, yarinyar suke mayarwa gona, su zuba kuɗi su zauna jiran kaka. Na ɗanɗana duka biyun a cikin gidana, shi ya sa nake da bakin magana.

Wanda bai taɓa ganin lakros ba, ya ƙaddara sanda mai tsawon kamu biyu da wani abu, a kanta an ɗaura 'yar raga kamar ludayi. Da ita ake cafe ƙwallon roba mai tauri, a yi gudu da ita ana jujjuya sandar don kada ta faɗi, a miƙa wa abokiyar wasa, har a jefa cikin raga mai ƙafa 6 a tsaye ƙafa 6 a kwance. A makarantun sakandare da jami'o'in Amurka 'yan mata 12 ne a kowane ɓangare. Wasan mata ya bambanta da na maza ƙwarai. Maza suna sa hular kwano da sulken kafaɗa, an yarda su bangaji juna. Mata ba a yarda su bangaji juna ba, sandar kawai ake bugu don a kaɓar da ƙwallo, kuma ragar sandarsu ba ta da zurfi, saboda haka riƙe ƙwallon sai gwani. Kariyarsu ta dole ita ce tabarau na waya da ke tsare ido da robar da ake ciza don haƙora. Wasa ne na gudu da saurin ido, kuma idan aka iya shi yana da kyan kallo.

Ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Wasan 'yan asalin wannan nahiya ne, musamman al'ummar Haudenosaunee, haɗakar ƙabilu 6 da ke arewacin jihar New York da kudancin Kanada, waɗanda suke ɗaukarsa kyauta daga Mahalicci, suna buga shi don neman waraka da sasanta rikici. Wani limamin Kirista Bafaranshe, Jean de Brébeuf, ya ba da labarinsa tun a shekarun 1630, kuma daga Faransanci sunan ya fito. Wani likitan haƙori a Montreal, William George Beers, ya tsara masa dokoki a 1867. Na mata kuwa a Scotland aka fara shi, a makarantar St Leonards a 1890, sannan wata tsohuwar ɗalibar makarantar, Rosabelle Sinclair, ta kawo shi makarantar 'yan mata ta Bryn Mawr da ke nan Baltimore a 1926. Wannan ne dalilin da ya sa a garin nan yarinya ba ta buƙatar neman lakros, shi yake nemanta. Tun 2004 ma jihar ta ayyana shi a matsayin wasanta na ƙungiya a hukumance. Uwata a darasin motsa jiki aka miƙa mata sanda, ta dawo gida da ita, shi ke nan.

Amsata ta farko a'a ce. Ban ma tsaya dogon tunani ba. 'Ya mace, gudu a fili, gajeren siket, maza suna kallo, ga karatu, ga islamiyya ranar Asabar da Lahadi. Sannan akwai tambayar da ba ma faɗa a fili amma ita ke juya mu, wato me mutane za su ce idan hoto ya kai gida. Mahaifiyarta ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Malam, a cikin abubuwan nan da ka lissafa, wanne ne ba shi da magani?" Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sutura tana da magani: dogon wando mai kama ƙafa a ƙarƙashin kayan ƙungiya, riga mai dogon hannu, da hijabin wasanni da ba ya zamewa. Islamiyya muka mayar da ita yamma. Karatu muka sa shi sharaɗi, kuma makarantu da kansu ba sa barin ɗalibin da makinsa ya faɗi ya shiga fili. Da muka gama sai abu ɗaya ya rage, bakin mutane, shi kuwa ban ga dalilin da zai sa in biya shi da farin cikin 'yata ba.

Ba ina cewa damuwar iyayenmu a kan sutura da kamun kai shirme ba ce. Damuwa ce ta gaskiya, kuma ni ma tawa ce. Su kansu Haudenosaunee masu wasan sun daɗe suna muhawara a tsakaninsu kan ko ya dace 'yan mata su riƙi sandar, domin a al'adarsu abu ne mai tsarki na maza, kuma an sha samun iyaye mata na dangi da suka ƙi amincewa. Yau suna da ƙungiyar mata da ke wakiltarsu a gasar duniya, ba tare da sun daina zama su wane ne ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce a'a don a huta. Hanawa ba ta da wahala, kalma ɗaya ce. Tsayawa ce mai wahala, domin ita ke sa uba ya je ofishin makaranta kafin kakar wasa ta fara, ya tambayi abin da dokar gasa ta ce game da rufe kai, ya nemi a ba shi amsa a rubuce. Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A 2019 wata ɗaliba Musulma a jihar Ohio, Noor Abukaram, ta gama tseren kilomita 5 da gudu mafi sauri da ta taɓa yi, sai ta tarar an soke sakamakonta don ba a cike takardar neman izinin sa hijabi ba. Ita da iyayenta ba su yi shiru ba, har sai da jihar ta yi doka a 2022 da ta hana irin wannan. Yarinyar da ta samu iyaye a bayanta ta gyara wa dubban 'yan mata hanya. Da cewa aka yi ta zauna a gida, da takardar nan tana nan tana jiran ta gaba.

Ƙofar ma da 'ya'yanmu suke shiga yanzu ba da kanta ta buɗe ba. A watan Yuni na 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A shekarar, 'yan matan da ke wasanni a sakandaren Amurka ba su kai 300,000 ba. Yau sun haura miliyan 3. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ba ta fara gasar lakros ta mata ba sai a 1982. Kakannin yaran da ke fili yau, da yawansu sun so su yi wasa ba a ba su dama ba, shi ya sa za ka ga tsohuwa ta lulluɓe da bargo a bakin fili tana share hawaye don jikarta ta cafe ƙwallo.

Wannan shi ne rabin maganar mai sauƙi. Ɗaya rabin ya fi damuna, domin shi ne ramin da na faɗa bayan na fito daga na farko.

Da Uwata ta kai shekara 13 aka ce tana da hannu, ya kamata ta shiga kulob. Wasan makaranta na bazara ne kawai, daga Maris zuwa Mayu. Kulob kuwa kamfani ne mai zaman kansa, ana biyansa, yana kai yara gasa a lokacin zafi da kaka, inda masu horarwa na jami'o'i ke zuwa su zauna a gefe da takarda suna rubuta lambobin riguna. Kuɗin kulob dubban daloli ne a shekara. Ban da shi akwai man mota zuwa wasu jihohi, da otal na kwana biyu ko uku, da abinci, da sansanonin horo da jami'o'i ke shiryawa, da sababbin sanduna da takalma, har da mai ɗaukar bidiyo. Duk iyayen da na tarar a can magana ɗaya ce a bakinsu, wato tallafin karatu. Kuɗin jami'a a Amurka yana iya cinye albashin mutum na shekara guda, don haka wanda aka ce masa sandar 'yarsa za ta biya masa wannan, dole kunnensa ya tashi. Nawa ma ya tashi. Na fara karɓar aikin dare don in cike giɓi, na rage abin da nake aikawa gida, ina ce wa kaina jari ne.

Sai daga baya na zauna na yi lissafi, na gane kallon kitse muke yi wa rogo. NCAA da kanta ta ce kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan wasan sakandare suke samun tallafin karatu na wasanni. Shekara da shekaru, dokar manyan jami'o'in rukuni na ɗaya ita ce ƙungiyar lakros ta mata ba za ta wuce tallafi 12 ba, alhali 'yan wasan sukan kai 30 ko fiye. Saboda haka yanka shi ake yi ƙanana, wannan ta samu kwata, waccan ta samu kuɗin littattafai. A 2025 wata yarjejeniyar kotu ta sauya tsarin, aka cire wancan ƙayyadewa aka sa iyakar mutum 38 a ƙungiya ga jami'o'in da suka shiga yarjejeniyar, kuma an yarda a tallafa wa kowacce. Amma izini aka bayar, ba kuɗi ba. Jami'ar da ba ta da shi ba za ta ba da shi ba, kuma lakros ba ya kawo kuɗin shiga kamar ƙwallon Amurka ko ƙwallon kwando. Jami'o'in rukuni na uku ba sa ba da tallafin wasanni ko sisi, haka nan irin su Harvard da Yale da Princeton. Iyali da yawa da sun tara abin da suka kashe a kulob cikin shekara 6 a asusu, da ya fi abin da suka samu daga baya.

Asarar kuɗi ba ita ce babbar illa ba. Illar ita ce abin da lissafin yake yi wa idon uba. Daga ranar da na fara kiran abin jari, na daina kallon 'yata tana wasa, na koma duba ko jarin yana hawa. Idan ta zubar da ƙwallo sai in ji kamar dala ce ta faɗi. Na matso bakin fili kam, kamar yadda ta roƙa tana ƙarama, amma na matso da fuskar mai bin bashi. Mota kuwa ta zama kotu. Kafin mu fita daga wurin ajiye motoci na fara: me ya sa kika miƙa ba ki jefa ba, me ya sa kika bari waccan ta wuce ki, kin san nawa muka biya muka zo nan? Ni da ban taɓa riƙe sandar ba.

Wata Lahadi muna dawowa daga gasa a wata jiha, tafiyar awa 3, na yi ta magana ita kuma tana kallon taga. Da na tsagaita sai ta ce, a hankali, "Baba, da can da kake tsayawa wajen motoci ya fi mini." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba har muka iso gida. Maganar nan ta soke ni fiye da duk wani wa'azi da na taɓa ji a kan haƙƙin 'ya'ya. Yarinyar da ta yi ta neman fuskata cikin taro, na kai ta inda take fatan kada ta gan ta.

A daren na tuna mahaifina. Na gane cewa alkunyar da na ɗauka ita ce matsalata tun farko tana da wani alheri da na watsar a garin kwaikwayon maƙwabta. Shirun mahaifina ba rashin kulawa ba ne. Duk abin da ya shafi yayata yana wurin, yana gani, ba ya dai cika ta da surutu, ba ya kuma auna ta a gaban jama'a. Kuskurena na farko shi ne na ɗauki shirun na haɗa da nisa. Kuskurena na biyu shi ne na zo kusa na yar da shirun. Yarinya tana son ta waiwaya ta ga mahaifinta a layin gaba, kuma ta tabbata cewa ko ta ci ko ba ta ci ba fuskar nan ba za ta canja ba. Gyaran wasa aikin koci ne, an ɗauke shi don haka. Uba guda ɗaya take da shi.

Tun daga lokacin na sa wa kaina doka, a mota ba na fara zancen wasa. In ta ɗauko, in saurara. In ba ta ɗauko ba, in tambaye ta abin da za ta ci. Abin mamaki, yanzu ta fi ba ni labari, har abubuwan da ban isa in gani daga gefe ba, kamar wadda ke cikin damuwa a ƙungiyar, da abin da koci ya faɗa a hutun rabin lokaci, da inda ita da kanta ta san ta yi kuskure. Ashe duk ta sani, ba ta buƙatar in karanta mata.

Wani zai ce, to ai matsin nan shi ke fitar da gwanaye, kuma ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Jami'ar Maryland ba ta ci kofin ƙasa sau 7 a jere daga 1995 zuwa 2001 da wasa-wasa ba, haka Northwestern da ta ci 5 a jere daga 2005 zuwa 2009 a hannun koci Kelly Amonte Hiller. Irin su Taylor Cummings da Charlotte North da Izzy Scane, waɗanda suka lashe kyautar Tewaaraton ta gwarzuwar shekara fiye da sau ɗaya, sun sha wahalar horo da ba kowa zai jure ba. Amma wutar da ke sa yarinya ta tashi da asuba ta je tana buga ƙwallo a bango sau ɗaruruwa, a cikinta take. Uba yana iya kawo itace, ba ya iya hura ta da tsawa. Su kansu masu horarwa na jami'o'i sun ga inda haukan ya kai, lokacin da ake sa yara 'yan shekara 13 da 14 su yi alƙawarin jami'ar da za su shiga tun ba su san me suke so su karanta ba. Su ne suka nemi a taka birki, kuma a 2017 NCAA ta hana a tuntuɓi 'yar lakros kafin 1 ga Satumba na shekararta ta biyun ƙarshe a sakandare. Idan masu cin moriyar abin sun ce ya isa, bai kamata a ce iyaye ne suka rage suna tura yara ba.

Akwai kuma jiki, wanda a garin neman gira ake rasa ido. Tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi samun 'yan mata fiye da maza a wasannin gudu da juyi, kuma jinyarta takan ci kusan shekara. Yarinyar da ke buga wasa ɗaya wata 12 ba hutu, wasa 3 ko 4 a rana guda cikin zafin Yuli, ana ƙara mata haɗari ne. Batun kai ma yana nan. Ko da yake ba a bangaza, ƙwallon tana da tauri, sanda kuma tana kuskurewa. Jihar Florida ta wajabta wa 'yan matan sakandare hular kariya tun 2018, yawancin jihohi kuwa sun bar shi zaɓi. Masu adawa suna cewa in aka sa hula yara za su ƙara ƙarfin hali, wasan ya koma irin na maza. Na saurari hujjarsu, na kuma saya wa Uwata hula, ana sa ta a kan hijabi ba matsala. A ƙungiyarsu su biyu ne kawai ke sawa, kuma da farko ta ji kunya. A nan ban ba ta zaɓi ba, domin goyon baya ba ya nufin sakin ragama. Haka nan ranar da ƙwallo ta same ta a kai ta ce tana ganin jiri, ni na je na ce a fitar da ita, duk da akwai masu horarwa na jami'a a gefe. Azumi ma ya faɗo cikin kakar wasa a 'yan shekarun nan, muka zauna da ita da kocinta muka tsara yadda za ta rage horon rana, ba wanda ya ɗaga murya.

Raunin da ba a gani ya fi ba ni tsoro. Duk wanda ke cikin wannan wasa ya san labarin Morgan Rodgers, 'yar wasan jami'ar Duke, wadda ta ji mummunan rauni a gwiwa a 2017, ta yi fama da damuwa a ɓoye, ta rasa ranta a 2019 tana da shekara 22. Iyayenta, waɗanda suka ƙaunace ta, da ƙawayenta, sun kafa ƙungiyar Morgan's Message don a riƙa magana a fili kan lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan wasa, kuma yau za ka ga tambarinta na malam-buɗe-littafi a filaye da dama. Abin da na ɗauka daga aikinsu shi ne yarinyar da duk duniyarta ta zama wasa, ranar da gwiwa ta ƙi, sai ta rasa ko ita wace ce. Mu kuma al'ummarmu ba mu saba tambayar yaro abin da ke cikin ransa ba, mukan ce ya yi haƙuri ya yi addu'a. Addu'a dole ce, tambaya ma dole ce, likita ma in ta kama. Wajibi ne a gida a riƙa nuna wa yarinya cewa ita 'ya ce, yaya ce, ɗaliba ce, baiwar Allah ce, tun kafin ta zama mai lamba kaza a bayan riga.

Wani abu da ba na iya kau da kai daga gare shi shi ne halin iyaye da alƙalan wasa. Na ga babban mutum da furfura yana zagin yarinya 'yar shekara 17 da ta zo busa usur don ta samu na kashewa. Hukumar da ke kula da wasannin sakandare ta ƙasa ta ce an rasa alƙalai kusan 50,000 cikin 'yan shekaru bayan 2018, kuma rashin ɗa'ar manya na cikin manyan dalilan da masu barin aikin ke bayarwa. Ɗa na kowa ne, haka aka koya mana. Waccan mai usur da waccan mai tsaron gidan abokan hamayya, kowacce 'yar wani ce. A wannan fanni tarbiyyarmu tana da abin da za ta koya wa bakin fili, in mun riƙe ta.

Ba zan ɓoye ba, sau da yawa Uwata ce kaɗai baƙar fata a ƙungiya, kuma kusan kullum ita kaɗai ce mai hijabi. Lakros a Amurka har yanzu wasan unguwannin masu hali ne, tsadarsa ce ke tace masu shiga. Na ba ta labarin Tina Sloan Green, baƙar mace ta farko da ta zama shugabar masu horar da ƙungiyar lakros ta mata a jami'a, wadda ta ci kofin ƙasa sau 3 da jami'ar Temple a shekarun 1980, don ta san ba ita ta fara taka wannan ƙasa ba. Amma labari ba ya maye gurbin mutum. Yarinyar da ta bambanta da kowa a fili ta fi kowa buƙatar ta ga nata a gefe. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga 'ya'yan 'yan'uwanmu baƙi an sauke su a ƙofa an wuce, ko maƙwabciya ce ke kawo su ta mayar. Na san aiki, na san yadda awa ɗaya take da tsada ga mai aikin awa. Ko sau ɗaya a wata ne a je. A zauna a gaba.

Wasan yana ƙara girma. Zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028 da tsarin mutum shida-shida, bayan rabonsa da ita a matsayin wasan lambar yabo tun 1908, kuma karon farko ke nan da mata za su buga shi a can. An kuma fara gasar ƙwararru ta mata a 2025. Wannan zai ƙara wa 'yan mata buri, zai kuma ƙara wa masu sayar da buri kasuwa, don haka iyaye sai mu buɗe ido.

Uwata yanzu shekararta 16, Satumba mai zuwa ne jami'o'i za su samu izinin kiranta. Wataƙila waya ta yi ƙara, wataƙila ba za ta yi ba. Mun rage gasannin nesa zuwa waɗanda aljihuna zai ɗauka ba tare da aikin dare ba, na kuma mayar da abin da nake aikawa gida yadda yake. Ta ce tana so ta karanta haɗa magunguna, kuma duk jami'ar da za ta zaɓa sai ta kasance wadda za ta so zama a cikinta ko da babu sanda. Kwanan baya ta sayo mini tsohuwar sanda a wani shagon kayan hannu, ta ce bango ya gundure ta, tana son mai mayar mata da ƙwallo. Bayan la'asar mukan fita bayan gida, ta tsaya wajen shinge ni wajen ƙofa. Ta ce hannuna na ƙasa nake riƙewa da ƙarfi da yawa, in sassauta, in bar ƙwallon ta zo ta same ni.